Dajin Veluwe, inda taki ya yi yawa

Na tashi a gidan da ake lissafin taki kamar yadda ake lissafin kuɗi. Bayan girbi mahaifina kan bi Fulani yana lallashi su sauke shanunsu a gonarmu ko don kashin ya zauna, kuma shekarar da buhun yuriya ya gagari talaka, tun daga bakin hanya za ka hango masara ta yi rawaya. Shi ya sa da ƙanena, wanda ke karatun kimiyyar ƙasar noma a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan, ya ce mini akwai daji a kusa da su da yawan taki ya kwantar da shi, kuma takin daga sama yake sauka, na ce in Allah ya kai ni sai na gani da idona. Wani aiki ya kai ni Turai a watan Oktoba, na ware wa dajin lokacinsa.

Daga Utrecht na shiga jirgin ƙasa zuwa tashar Ede-Wageningen. Kafin a isa, jirgin na ratsa wani shimfiɗaɗɗen kwari da ake kira Gelderse Vallei, kuma a nan labarin yake farawa. Ta taga kana ganin dogayen rumbuna masu rufin kwano, ɗaya bayan ɗaya, ba taga ba kowa a waje. Kaji ne da aladu da maruƙa a ciki. Garin Barneveld da ke cikin kwarin ya yi suna wajen kiwon kaji. Wannan 'yar ƙasa mai mutum wajen miliyan 18 tana riƙe da shanu kusan miliyan 4, aladu wajen miliyan 10, da kaji kusan miliyan 100, kuma kaso mai tsoka na abincinsu, irin su waken suya, a jirgin ruwa ake kawo shi daga ƙetare. Abinci ya shigo daga nahiyar Amurka, nama da madara su fita kasuwannin duniya, kashin kuwa ya zauna a gida.

Idan fitsarin dabba ya haɗu da kashinta, wata iska mai hawa kai takan tashi, ita ce amoniya. Duk wanda ya taɓa shiga akurkin kaji da aka daɗe ba a share ba ya san ta da hancinsa. Amoniya na ɗauke da sinadarin naitirojin, wanda shi ne ƙarfin da ke cikin yuriya. Iskar ƙasar galibi daga kudu maso yamma take kaɗowa, dajin Veluwe kuwa yana gabas da kwarin, kai tsaye a kan hanyarta. Ga kuma hayaƙin motoci da masana'antu da ke ƙara nasa nau'in naitirojin ɗin. Itatuwa suna tare wannan duka da ganyensu da rassansu, ruwan sama ya wanke shi zuwa gindinsu. Don haka daji ya fi fili shan wannan kaya.

Ƙanena ya tarye ni a tasha, muka kwana, da safe muka hau bas zuwa ƙauyen Otterlo, ɗaya daga cikin ƙofofi uku na gandun Hoge Veluwe. Gandun ya kai hekta 5,400, wani yanki ne kawai na babban dajin Veluwe da ke lardin Gelderland. A bakin ƙofa akwai fararen kekuna jingim, duk wanda ya biya kuɗin shiga ya ɗauki ɗaya ya tafi. Yawancin baƙi gidan adana zane-zane na Kröller-Müller suke nufa. Mu muka karkata wata hanya.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙasar wurin. Jigawa ce zalla, rairayi mai fari-fari wanda ƙanƙarar zamanin da ta turo ta tara, iska ta ƙara baza shi. Ƙasa ce marar ƙarfi tun asali, kuma mutane sun ƙara tatse ta. Shekaru ɗaruruwa manoman yankin suna sassabe fatar ƙasar da ciyawarta, su shimfiɗa wa tumaki a garke, idan ta jiƙu da kashi su kwashe zuwa gonakinsu. Duk tsiron da ya rayu a nan, to ya iya zama da yunwa ne. Babba a cikinsu wani gajeren tsiro ne mai ƙananan ganye da suke kira heide, wanda a watan Agusta yake rufe fili da fure shunayya. Da naitirojin ya fara zuba daga sama, sai ciyayi masu saurin girma suka samu abin da suke so, suka yi tsawo, suka rufe masa rana. Mun tsaya a bakin wani fili da ƙanena ya ce a tsofaffin hotuna shunayya ne daga nan har inda ido ya tsaya. Yanzu rabinsa doguwar ciyawa ce mai ruwan ƙasa, iri ɗaya tak, tana kaɗawa. Wanda bai sani ba zai ce wurin ya yi albarka. Ƙwari da ƙadangaru da tsuntsayen da ke buƙatar buɗaɗɗen rairayi mai ɗumi su ne suka san abin da aka rasa.

A cikin wani kurmin itatuwan ok, manyan itatuwan nan da ake kira oak da Turanci, ƙanena ya sauka daga keke, ya tura ganyen da ke ƙasa gefe da ƙafarsa, ya ce, "Yaya, sa hannu ka ji." Na tsugunna. Ganyen bara ne da na bariya da na shekarun baya, sun kwanta kan juna sun yi kauri, sun dunƙule kamar tsohuwar tabarma, ba su ruɓe ba. Na tona da yatsu har na kai rairayi, ban ga tsutsa ko ɗaya ba, ban ga katantanwa ba. Rairayin da ke ƙarƙashi toka-toka ne, kamar an wanke shi. Ya ce wanke shi ɗin aka yi.

Yadda ya bayyana mini shi ne, idan amoniya ta shiga ƙasa, ƙananan halittun da ido ba ya gani sukan juya ta zuwa wani sinadari mai suna naitiret, kuma wajen juyawar tsami yake fita. Abin da itace bai iya sha ba na naitiret, ruwa ya tafi da shi ƙasa can, kuma ba ya tafiya shi kaɗai. Yakan ja kalsiyam da magniziyam da fotasiyam su bi shi. Waɗannan su ne gishirin rayuwar daji, kuma jigawa dama kaɗan take da su. Idan suka ƙare, tsamin ya fara narkar da alminiyam da ke cikin ƙasa, shi kuwa guba ne ga saiwa. Sai itace ya zama yana da naitirojin fiye da kima a jikinsa, sauran abincin kuwa babu. Ganye ya yi yawa, saiwa ta yi ƙaranci, fari ko ƙwaro na zuwa ya same shi ba ƙarfi. Na ɗaga kai na duba. Itatuwan ok da dama kansu ya bushe, wasu sun mutu a tsaye, ɓawonsu na zubewa. Farin da aka yi a shekarar 2018 ya ƙarasa da yawa daga cikinsu.

Duk da haka ba makoki na je yi ba. Abin da ya kai ni shi ne jin cewa gurɓatar ta ragu, kuma ina son ganin me daji ke yi idan aka sassauta masa. Ta ragu ƙwarai. A shekarar 1990, matsakaicin naitirojin da ke sauka a kan kowace hekta a Holan ya kai wajen kilo 38 a shekara. Yanzu yana wajen kilo 20. Don mai karatu ya kama lissafin: buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23. Wato a da sama na zuba wa kowace hekta fiye da buhu ɗaya da rabi duk shekara, ba wanda ya nema, yanzu kuma ya koma ƙasa da buhu guda. Ragin bai zo da kansa ba. Tun farkon shekarun 1990 aka hana manoma watsa ruwan kashin dabbobi a saman gona, aka tilasta musu cusa shi cikin ƙasa da na'ura, aka sa su rufe rumbunan ajiyarsa. Aka sa wa motoci matatar hayaƙi. Ƙasashen Turai da na Arewacin Amurka sun ƙulla yarjejeniya a Janiba a 1979 kan gurɓatar iska mai tsallake iyaka, sannan a 1999 aka ƙara mata ƙa'idar Gothenburg wadda ta sa wa ƙasashen Turai iyakar amoniya da kowace za ta fitar. Hayaƙin farar wuta, wanda shi ne babban mai haddasa ruwan sama mai tsami a shekarun 1970 da 1980, ya ragu fiye da kashi 80 cikin ɗari.

Shaidar farko ta farfaɗowa a gindin itace na gan ta. Mun ci karo da wata dattijuwa a bakin hanya, ta durƙusa da ɗan madubi a hannu tana leƙa ƙarƙashin naman kaza ba tare da ta tsinke shi ba, tana rubutawa a littafi. 'Yar sa-kai ce, irin waɗanda ke bin wuri guda duk kaka suna ƙirga abin da ya fito. Ƙanena ya gaishe ta da harshensu, ta nuna mana wani naman kaza ruwan ƙwai mai siffar mazurari, suna kiransa cantharel. Ta ce tana yarinya kwando-kwando ake cikawa da shi, sannan aka yi shekaru da yawa sai ka yi sa'a za ka gan shi, yanzu kuma yana dawowa a gefen hanyoyi inda rairayi yake a buɗe.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin irin wannan naman kaza ba ado ba ne kawai. Abin da ke fitowa sama 'ya'yansa ne. Asalin jikinsa zare ne siriri da ke nannaɗe da saiwar itace a cikin ƙasa, yana miƙa hannu nesa yana kawo wa itacen ruwa da abinci, itacen kuma yana biyansa da sukari. Idan naitirojin ya yi yawa, itacen ya rage biya, abokin huldar ya janye. Masanin nan Eef Arnolds ya nuna tun 1991 yadda waɗannan halittu suka yi mummunan raguwa a Turai. A 2018 kuma wasu masana 'yan Holan, da Arco van Strien a gaba, suka tattara bayanan da 'yan sa-kai irin wannan dattijuwa suka rubuta shekara da shekaru, suka gano cewa bayan faɗuwar da aka yi daga 1965 zuwa 1985, daga tsakiyar shekarun 1990 nau'o'i da yawa sun fara ƙaruwa, kuma ƙaruwar ta fi ƙarfi a yankunan da naitirojin ya fi ƙaranci. Na daɗe ina kallon littafin matar. Rubutun hannu ne, da kwanan wata da adadi, shafi bayan shafi. Da irin wannan haƙuri aka san cewa dokar da aka kafa wa manoma ta yi amfani.

Washegari muka nufi arewacin dajin, wani kurmi mai suna Speulderbos kusa da ƙauyen Garderen. An san shi da karkatattun itatuwansa masu santsin jiki, waɗanda mutanen wurin ke cewa rawa suke yi. An ce masu saran katako na da miƙaƙƙu suka riƙa ɗauka, suka bar karkatattun. Mu abin da ya kai mu wani gwaji ne da aka taɓa yi a nan. A 1989 masana suka gina rufi mai ganin haske a ƙarƙashin rassan itatuwa, 'yan mitoci sama da ƙasa, a nan da kuma wani dajin a Ysselsteyn da ke kudancin ƙasar. Rufin ya tare gurɓataccen ruwan da ke ɗigowa daga ganye, su kuma suka riƙa yayyafa wa ƙasar ruwa mai tsabta daidai yawan wanda aka tare. Wato sun mayar da ɗan yanki na daji zamanin da babu gurɓata, don su ga me zai faru. Jamusawa sun yi irinsa a tsaunukan Solling daga 1991.

Sakamakon ya zo da sauri fiye da yadda aka zata, amma a wani fanni kawai. Ba a daɗe ba naitiret da ke zurarewa cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa ya faɗi warwas. A Ysselsteyn, inda abin da ke sauka a lokacin ya haura kilo 50 a hekta, itatuwan da ke ƙarƙashin rufin sun ƙara girma, naitirojin da ya cushe a ganyensu ya fara raguwa, naman kaza ya fara leƙowa. A Solling ƙananan saiwoyi sun ƙaru. Amma ita kanta ƙasar, tsaminta da talaucin kalsiyam ɗinta, da ƙyar ta motsa. Ga kuma tarin naitirojin na shekaru da dama da ke kwance cikin matattun ganye da baƙar ƙasa, yana zagayawa daga ƙasa zuwa itace, daga itace zuwa ƙasa. A arewacin Suwidin, Joachim Strengbom da abokan aikinsa sun koma wani daji da aka taɓa zuba wa takin zamani don gwaji, suka tarar bayan shekara 47 da dainawa har yanzu gansakuka da naman kazan wurin ba su koma yadda suke ba. An wallafa wannan a 2001.

A nan na fahimci abin da ƙanena yake ta ƙoƙarin nuna mini tun jiya. Daji ba ya komawa ta hanyar da ya zo. Ruwa yakan tsarkaka cikin 'yan shekaru, naman kaza ya biyo baya a hankali, tsirran ƙarƙashin itace su ɗauki shekaru aru-aru ko ma ba su dawo ba idan irinsu ya ƙare a ƙasa kuma babu maƙwabcin da zai aiko da wani. Kalsiyam ɗin da ruwa ya tafi da shi kuwa ya tafi ke nan. Hanyar da ƙasa ke samun sabo ita ce narkewar ƙwayoyin dutse da ke cikin rairayi, aikin da ke cin ɗaruruwan shekaru, kuma tsamin ya riga ya cinye kaso mai yawa na waɗannan ƙwayoyin.

Wanda ya fi ba ni tausayi a wannan lamari ɗan tsuntsu ne mai baƙin kai da rawayan ƙirji, suna kiransa koolmees. Yana ko'ina a dajin, ba ya tsoron mutane. Macen na buƙatar kalsiyam mai yawa a 'yan kwanakin da take saka ƙwai, kuma daga ɓawon katantanwa take samunsa. Katantanwa kuwa ba ta iya gina gidanta a ƙasar da ba kalsiyam. Jaap Graveland da abokan aikinsa sun wallafa bincike a mujallar Nature a 1994 kan dajin Buunderkamp da ke kudancin Veluwe. Sun nuna cewa tsuntsayen da ke saka ƙwai mai lalataccen ɓawo sun tashi daga kashi 10 cikin ɗari a 1983 da 1984 zuwa kashi 40 a 1987 da 1988. Ɓawon ya yi siriri, ƙwan ya bushe ko ya fashe kafin ƙyanƙyasa. Mutum zai yi zaton da iska ta gyaru wannan ya wuce. Amma shekaru fiye da ashirin bayan haka, masani Arnold van den Burg yana buɗe akwatunan sheƙa a Veluwe yana tarar da 'yan tsaki da karyayyun ƙafafu tun suna cikin sheƙa, saboda ƙashinsu bai yi ƙwari ba. Ƙanena ya nuna mini ɗaya daga cikin irin akwatunan a jikin itace, da lamba a rubuce. Ba lokacin ƙwai ba ne, babu komai a ciki, amma na kasa daina tunanin uwar da ke yawo a ƙasa tana neman ɓawon da babu shi.

Da yake jira ba zai yi ba, sai suka koma ciyar da ƙasar da hannu. Ana niƙa dutse mai arzikin ma'adinai ya zama gari, a watsa wajen tan 10 a kowace hekta, wani wuri da tarakta, wani wuri da jirgi mai saukar ungulu. A wasu wuraren ɓawon katantanwar teku ake niƙawa a watsa don katantanwa da tsuntsaye. Ba a son zuba farar ƙasa da yawa lokaci guda, domin takan sa tarin ganyen nan ya ruɓe da gaggawa ya saki naitirojin ɗin da ke ciki gaba ɗaya. Garin dutse a hankali yake narkewa, shi ake so. Na ga wani yanki da aka yi wa haka, da turaku masu launi da ke raba inda aka zuba da inda aka bari. Da ido ban ga bambanci ba. Ƙanena ya ce a awon ganye ake fara gani, kuma sai an yi shekaru.

Yana cikin bayani ya yi dariya ya ce, "Yaya, ka san mu kyauta ake kawo mana wannan?" Ƙurar hunturu yake nufi. Wannan hazon da ke tasowa daga Sahara, mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, yana sauke kalsiyam da fotasiyam da magniziyam a kan gonakin ƙasar Hausa duk shekara, kuma masana ƙasar noma sun daɗe da tabbatar da cewa yana taimaka wa ƙarfin ƙasarmu. Abin da muke tsinewa saboda mura da fasau, su kuɗi suke kashewa suna kwaikwayonsa da jirgi.

Sai dai garin dutse magani ne ga majinyacin da har yanzu ake ba shi gubar. Masana sun ƙayyade cewa tsohon kurmin ok a kan jigawa ba ya jure fiye da wajen kilo 15 a hekta a shekara, kuma mafi yawan Veluwe na samun fiye da haka. Raguwar da aka yi ta yi sauri ne a shekarun 1990 da farkon 2000, daga wajen 2010 kuwa ta yi tafiyar hawainiya. Abin da ya fi sauƙi an riga an yi. A ranar 29 ga Mayu 2019 kotun ƙoli ta harkokin mulki ta ƙasar ta soke tsarin da gwamnati ke bi wajen ba da izinin sababbin ayyuka bisa alkawarin za a rage naitirojin nan gaba. Dubban ayyukan gini suka tsaya cak. A watan Maris 2020 aka rage gudun mota a manyan hanyoyi zuwa kilomita 100 a awa da rana, don rage naitirojin ɗin hayaƙi. Manoma kuwa tun ranar 1 ga Oktoba 2019 suka cika hanyar birnin Hague da taraktoci suna zanga-zanga, a 2022 suka riƙa kifa tutar ƙasa a bakin gonaki, kuma a zaɓen larduna na Maris 2023 jam'iyyarsu ta BBB ta zo ta ɗaya a kowane lardi. A Janairu 2025 wata kotu a Hague, a ƙarar da ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta shigar, ta umarci gwamnati ta tabbatar rabin wuraren da naitirojin ke cutarwa sun sauko ƙasa da iyaka kafin ƙarshen 2030, ko ta biya tarar Yuro miliyan 10.

A hanyar komawa mun tsaya sayen madara a wata gona da ke bakin dajin, ƙanena ya yi mini tafinta da mai gonar. Mutum ne mai sanyin magana. Ya ce mahaifinsa shanu kaɗan yake da su, aka yi ta gaya musu ko su faɗaɗa ko su rufe, suka ci bashi suka faɗaɗa, suka sake cin bashi suka gyara garke yadda doka ta ce, yau kuma ana ce masa shi ne matsalar. Gwamnati ta buɗe shirin sayen gonakin da suka fi zuba amoniya a kusa da dazuzzuka a watan Yuli 2023, wasu maƙwabtansa sun karɓa sun daina kiwo. Shi bai yanke shawara ba, domin ɗansa na son gadon aikin.

Ni ɗan manomi ne, na ji zafin maganarsa har cikin raina, kuma ina ganin ba daidai ba ne a ɗora wa mutum ɗaya nauyin tsarin da ƙasa gaba ɗaya ta ci moriyarsa shekara hamsin. Amma na riga na sa hannuna cikin wannan wankakken rairayi. Ba na jin akwai wata na'urar garke da za ta sauke lissafin zuwa kilo 15 muddin yawan dabbobin da ke Gelderse Vallei yana nan yadda yake. Dole adadin ya ragu, kuma dole waɗanda suka sha madara mai araha su biya manomin kuɗin raguwar yadda ba zai tashi a tutar babu ba. Na gaya masa haka ta bakin ƙanena. Ya ce a kan biyan kuɗin mun yi daidai, a kan adadin shanun kuwa sai ya ƙara tunani.